Ra'ayinmu: Baƙon Teku da Haƙƙin Mai Masauki

Ran 4 ga watan Fabrairu, 1967, wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Amurka, irin wanda jiragen sama ke tashi da sauka a bayansa, ya shiga tashar birnin Cape Town ta Afirka ta Kudu. Sunansa Franklin D. Roosevelt. Daga yaƙin Biyetnam ya fito, yana kan hanyarsa ta komawa gida da mayaƙan ruwa wajen 3,800, farare da baƙaƙe, waɗanda suka daɗe suna ɗokin taka ƙasa. Gwamnatin Vorster ta shirya musu tarba irin wadda ta iya, watau farare da nasu shagali, baƙaƙe da nasu, kamar yadda dokar wariyar launin fata ta tsara. Da labari ya isa Amurka sai shugabannin baƙar fata da waɗansu 'yan majalisa suka ce ba ta saɓuwa, wai bindiga a ruwa. Aka hana mayaƙan sauka yawo cikin gari. Jirgi ya sha mai, ya kama hanya, masu liyafa suka zauna da abincinsu a hannu. Tun kafin wannan, a 1965, an soke zuwan wani jirgin mai suna Independence, domin gwamnatin Verwoerd ta ƙi yarda a ga baƙar fata cikin ma'aikatan jiragen saman da za su sauka a filayenta. Daga 1967 kuwa sai da aka yi shekara 41 kafin wani jirgin Amurka irin wannan ya sake zuwa Cape Town, a watan Oktoba na 2008, bayan wariya ta daɗe da faɗuwa.

A takardun gwamnati ana kiran irin wannan zuwa ziyarar sada zumunta. Ana nuna ta kamar abu ne na hutu da shan iska: matasa sanye da fararen kaya suna ciniki a kasuwa, ana buga ƙwallo da 'yan gari, ana shafa wa gidan marayu fenti, da dare kuma a gayyaci manyan gari su hau jirgi cin abinci. Amma abin da ya faru a Cape Town ya nuna cewa su kansu masu jirgin sun san duk tashar da ya tsaya, magana ce suka yi wa duniya. Da mayaƙan nan sun sauka sun karɓi liyafar wariya, da Amurka ta sa hannu ke nan a kan tsarin Vorster. To, in baƙo ya san zuwansa magana ce, ashe mai masauki shi ma ya kamata ya san buɗe ƙofarsa magana ce.

Mun san wani daga cikin 'yan'uwa ɗalibai zai ce ina ruwan biri da gada. Yawancinmu mun taso ne fiye da mil 500 daga bakin teku, babban ruwan da muka taɓa gani bai wuce Tiga ko Kainji ba. Muna roƙon mai wannan ra'ayi ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe, musamman in yana cikin waɗanda gobe za su zauna a teburin Ma'aikatar Harkokin Waje ko ta Tsaro, domin babu jirgin yaƙin wata ƙasa da ke shiga tashar wata sai da takardar izini, takardar nan kuwa ta hannun ƙananan ma'aikata take bi kafin ta kai ga manya.

Sai mu fara duba mene ne baƙon. Manyan jiragen Amurka na zubin Nimitz tsawon kowanne ya kai mita 333, watau ya fi filin ƙwallo uku in an jera su, nauyinsa wajen tan 100,000, yana ɗauke da mutum wajen 5,000 da jiragen sama fiye da 60. Gari ne sukutum yake tafiya a kan ruwa, da asibitinsa da gidan wayarsa da kurkukunsa. Tukwane biyu na ƙarfin nukiliya ke tura shi, saboda haka yakan yi fiye da shekara 20 bai nemi abin da zai ƙona ba. Man jiragen sama da abinci da harsasai kuwa, waɗansu jirage ne ke kai masa a tsakiyar teku, a miƙa masa ta igiya da mesa ana cikin tafiya. A 2020, lokacin annobar korona, jirgin Eisenhower ya yi fiye da kwana 200 a kan ruwa bai tsaya a tasha ko ɗaya ba, bai kuwa rasa mai ko abinci ba. Ke nan ba yunwa ce ke kawo irin wannan baƙo bakin ƙofa ba. Abin da ke kawo shi guda biyu ne: gajiyar mutanen da ke cikinsa, da kuma siyasar ƙasar da ta aiko shi.

Ta farkon ba mu raina ta ba. Yawancin waɗanda ke cikin jirgin nan tsararrakinmu ne, 'yan shekara 19 zuwa 20 da 'yan kai, da yawansu 'ya'yan talakawa ne da suka shiga soja domin neman kuɗin karatu. Suna kwana a gadaje hawa uku, waɗansunsu da ke aiki a can ƙasan jirgi sukan yi kwanaki ba su ga rana ba. Wanda ya yi wata uku a haka, in ya ce yana son ya taka ƙasa ya ci abincin da ba na jirgi ba, bai yi laifi ba. Su ma kuma siyasar nan takan ci su. A watan Maris na 2020 aka kai jirgin Theodore Roosevelt tashar Da Nang ta Biyetnam domin bikin cika shekara 25 da maido da hulɗa tsakanin ƙasashen biyu, alhali annoba ta riga ta kunno kai. Makonni kaɗan bayan haka cuta ta ɓulla a jirgin, ta kama fiye da mutum 1,000, ɗaya ya mutu. Kyaftin Brett Crozier da ya rubuta takarda yana roƙon a kwashe yaransa, shi aka tuɓe. Saboda haka rigimarmu ba da matuƙi ba ce. Da masu shirya tafiyar take, da kuma masu karɓarta ido rufe.

Babu inda aka fi ganin wannan kamar Sasebo, wata tasha a lardin Nagasaki na ƙasar Japan, kuma muna so mu ɗan daɗe a kanta domin labarin ɗalibai ne. A watan Disamba na 1967 Firayim Minista Sato ya tsaya gaban majalisa ya ce Japan ba za ta ƙera makaman ƙare-dangi ba, ba za ta mallake su ba, ba za ta kuma bari a shigo mata da su ba. Ko wata biyu ba a yi ba, ran 19 ga Janairu, 1968, sai ga jirgin Enterprise, mai tukwanen nukiliya takwas, ya iso Sasebo a kan hanyarsa ta zuwa Biyetnam. Mutanen da ke tsaye a bakin ruwa suna kallonsa, da yawansu sun ga abin da ya sami Nagasaki a 1945, ko sun binne waɗanda abin ya shafa. Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ke cikin cikinsa? Amurka ta tsaya a kan al'adarta ta ƙin tabbatarwa da ƙin musantawa. Gwamnatin Japan kuwa ta kawo wata hujja mai ban mamaki. Ta ce bisa yarjejeniyar tsaro ta 1960, in Amurka za ta shigo da irin waɗannan makamai sai ta yi shawara da mu tukuna, to, ba ta yi shawara ba, saboda haka babu makamai. Wannan kamar mai gida ne ya ce ɓarawo bai yi sallama ba, saboda haka ba a shiga gidansa ba.

Ɗaliban ƙungiyar Zengakuren ba su karɓi wannan lissafi ba. Suka taho ta jirgin ƙasa daga Tokyo da sauran birane, suka yada zango a Jami'ar Kyushu, suka dinga sammako zuwa Sasebo da hulunan kwano da sanduna, suna neman ƙetare gadar da ta kai sansanin Amurka. 'Yan sanda suka tare su da mesar ruwa da barkonon tsohuwa, suka bi su da kulake har cikin harabar asibitin gari, ana ɗaukar hoto ana nunawa a talabijin. Mutanen Sasebo, waɗanda da yawansu da sansanin suke cin abinci, ba su fito domin goyon bayan ɗalibai ba, amma da suka ga irin dukan da ake yi wa yara sai zukatansu suka juya. Duk da haka jirgi ya zo, ya yi kwanakinsa, ya tashi ran 23 ga wata, ranar da Koriya ta Arewa ta kama jirgin leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo. Nan take aka juya akalar Enterprise zuwa ruwan Koriya. Baƙon da aka ce ya zo hutu, daga bakin ƙofar mai masauki ya wuce ya ja daga da maƙwabcinsa.

Ba muna kira ga kowa ya ɗauki sanda ba. Ɗaliban Japan sun yi kurakurai masu yawa daga baya, har waɗansu ɓangarorinsu suka koma kashe juna. Abin da muke so a lura da shi shi ne, tambayar da suka yi ita ce daidai, amsar gwamnatinsu kuwa holoƙo ce, kuma lokaci ya nuna haka. A 1974, shekarar da aka ba Sato kyautar Nobel ta zaman lafiya, wani tsohon hafsan mayaƙan ruwa na Amurka, Gene La Rocque, ya gaya wa majalisar ƙasarsa cewa jiragen da ke ɗauke da makaman nan ba sa sauke su in za su shiga tashoshin Japan ko na wata ƙasa. A 1981 Edwin Reischauer, wanda ya yi jakadancin Amurka a Tokyo, ya ce tun da daɗewa akwai fahimtar juna a kan haka tsakanin gwamnatocin biyu. A 1989 aka tono cewa ran 5 ga Disamba, 1965, wani jirgin sama ya zame daga bayan jirgin Ticonderoga ya faɗa teku da matuƙinsa da bam ɗin ƙare-dangi guda, mil 80 ko ƙasa da haka daga ɗaya daga cikin tsibiran Japan, kana jirgin ya wuce tashar Yokosuka kamar ba abin da ya faru. Bam ɗin yana can ƙarƙashin ruwa. Sai a watan Maris na 2010 gwamnatin Japan ta amsa da bakinta cewa lalle akwai yarjejeniyar ɓoye. Shekara 42 ke nan bayan an fasa kawunan yara a kan gadar Sasebo.

Gaskiya ne a 1991 Shugaba Bush na farko ya ba da umurni a kwashe ƙananan makaman nukiliya daga jiragen Amurka masu tafiya a saman ruwa, aka gama a 1992. Amma al'adar ƙin tabbatarwa da ƙin musantawa ba a soke ta ba, kuma abin da shugaba ɗaya ya kwashe da umurni, wani yana iya mayarwa da umurni. Bugu da ƙari, a dokar teku ta duniya jirgin yaƙi yana da kariya: ɗan kwastan ba ya binciken sa, ɗan sanda ba ya hawansa sai da yardar kyaftin. Iyakar abin da mai ƙasa ke iya yi in jirgin ya ƙi bin dokarsa shi ne ya ce masa ya fita. Ke nan duk ƙarfin mai masauki yana wuri ɗaya ne, watau kafin ya ce bismilla. Ƙasar Niyu Zilan ta gane haka. A 1985 gwamnatin David Lange ta hana jirgin Buchanan shiga domin ba a tabbatar mata ba ya ɗauke da makaman nukiliya. Amurka ta yi fushi ta janye alkawarinta na tsaro, Niyu Zilan kuwa ta mai da matsayinta doka a 1987. Sama ba ta faɗo ba. A 2016 jirgin yaƙin Amurka ya koma ruwanta, bisa dokarta.

Makami ke nan. Saura mutum. A farkon 1980, bayan juyin juya halin Iran da shigar sojan Rasha Afganistan, Amurka ta ƙara jiragenta a Tekun Indiya, ta kuma ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Moi ta Kenya domin amfani da tashar Mombasa, har daga baya aka yashe mashigar tashar domin manyan jirage. A watan Agusta na shekarar nan wani matashin mayaƙin ruwa na Amurka da ya sauka yawo ya kashe wata 'yar Kenya a Mombasa, ya soke ta da fasasshiyar kwalba. Aka kai shi kotu, ya amsa laifin kisa ba da niyya ba. Alƙalin, wani Bature, ya sallame shi a kan ya yi alkawarin zaman lafiya na shekara 2 bisa jinginar shilin 500. Majalisar Kenya ta ɗauki zafi, jaridu suka yi ta rubutu, amma mai laifi ya riga ya tafi. Abin lura a nan, ba a ƙwace shari'ar daga hannun Kenya ba. A kotunta aka yi, da dokarta. Sai dai duk wanda ya zauna a kotun ya san wane ne baƙon, ya san kuma wace ce matacciyar, mace talaka wadda sana'arta ta sa masu mutunci ba sa son ambaton ta. Mu kuwa muna ganin darajar 'yancin ƙasa a irin wannan wuri ake auna ta, ba a faretin ranar murna ba. A Filifin an sha ganin irin haka. Sojan Amurka da aka samu da laifin kisa a garin Olongapo a 2015, a wani keɓantaccen ɗaki cikin barikin soja aka tsare shi maimakon gidan yari na kowa da kowa, har Shugaba Duterte ya yi masa afuwa a 2020.

Masu goyon bayan ziyara kullum da kuɗi suke kafa hujja, kuma ba mu musa cewa in mutum 5,000 suka sauka da albashin watanni a aljihu, mai tasi da mai otal da mai sayar da sassaƙa za su samu. Amma cinikin kwana huɗu ne, kuma ba shi ne babban kuɗin ba. Babban kuɗin yana wajen ɗan kwangilar da ke kawo ruwan sha, da kwale-kwalen jigila zuwa gaɓa, da motocin safa, da jirgin kwashe ƙazanta da shara. Wani ɗan ƙasar Maleshiya, Leonard Francis, mai kamfanin Glenn Defense Marine Asia, ya yi shekaru yana wannan aiki a tashoshin Asiya. Ya sayi hafsoshin Amurka da kuɗi da liyafa da mata, suna ba shi jadawalin tafiyar jirage na asiri, suna kuma karkatar da manyan jirage zuwa tashoshin da ya fi iya cusa kuɗi a takarda. An kama shi a 2013, ya amsa a 2015 cewa ya cuci mayaƙan ruwan Amurka aƙalla dala miliyan 35, aka yanke masa shekara 15 a 2024. Ashe waɗansu ziyarce-ziyarcen da jakadu suka yi wa jawabin zumunci, ɗan kwangila ne ya zaɓi garin. Garin da ya jingina rayuwarsa a kan wannan ciniki kuwa, sai a dubi Olongapo, maƙwabciyar sansanin Subic, inda tituna suka cika da mashaya da gidajen dare. Ran 16 ga Satumba, 1991, Majalisar Dattawan Filifin ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanin da ƙuri'a 12 a kan 11, jirage suka tashi a 1992, suka bar gurɓatacciyar ƙasa da dubban yara da ba su san ubanninsu ba.

Kada a ɗauka Amurka kaɗai muke nufi, ko kuma abin yana can nesa. Daga watan Nuwamba na 2013 zuwa Afrilu na 2014 jirgin Italiya mai ɗauke da jiragen sama, Cavour, tare da rakiyarsa, ya bi ƙasashen Larabawa sannan ya kewaye Afirka, ya tsaya a Mombasa da Maputo da Luanda, ya tsaya a Legas da Tema da Dakar. A cikinsa akwai likitoci 'yan sa kai da suka yi wa yara masu tsagaggen leɓe aiki, suka duba idanu suka raba tabarau, kuma iyayen yaran nan suna da dalilin godiya. Amma a cikin jirgin nan dai aka kafa rumfunan baje koli na kamfanonin ƙera makamai na Italiya, ana kai manyan hafsoshi da 'yan siyasa su gani su yi sha'awa. A Italiya kanta ƙungiyoyin zaman lafiya da waɗansu 'yan majalisa sun yi ta sukar tafiyar, suna cewa kasuwar makamai ce aka ɗora a kan ruwa aka lulluɓe da mayafin jinƙai. Mai sayarwa ya yi gardama da kansa a kan halaccin cinikin. Mai saye fa?

Yanzu sai mu dubi inda muke. Faransa ta kwashe sojanta daga Nijar a ƙarshen 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a watan Agusta na 2024. Wanda aka rufe wa ƙofar hamada, ta ƙofar teku zai nemi shigowa, wannan ba ya buƙatar duba. A watan Mayu na 2024 waɗansu malaman jami'a da dattawan Arewa suka rubuta wa Shugaba Tinubu buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin kada a karɓi sansanonin da aka tasa daga Sahel, gwamnati ta ce babu wannan magana. Sai dai mu muna ganin an sa ido a kan sansani an manta da ziyara. Sansani yana da katanga da tuta, kowa na ganinsa. Ziyara kuwa a hankali take zuwa: yau atisayen haɗin gwiwa, gobe shan mai, jibi ajiye 'yan kayayyaki a wani sito, kowace tafiya an ƙara sanin zurfin mashiga da hanyar filin jirgin sama da wanda ake gani a biya bukata. Tashar Lekki da aka buɗe a 2023 zurfinta mita 16 da rabi ne, ya wuce abin da mafi girman jiragen nan ke nitsewa a ruwa. Ba mu ce kada a yi hulɗa da kowa ba. 'Yan fashin teku da ɓarayin mai da masu satar kifi a Mashigin Gini gaskiya ne, mayaƙan ruwanmu kuma suna amfana da horo da kayan aiki. Amma wanda ya ci ladan kuturu ya san aski na jiransa, saboda haka gara ya tambayi nawa ne ladan tun kai bai sha ruwa ba.

Magabatanmu a wannan ƙungiya ta ɗalibai sun taɓa yin wannan tambaya. A watan Nuwamba na 1960, ƙasa ba ta cika wata biyu da samun mulkin kai ba, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas domin ƙin yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba jiragen saman sojan Ingila damar ratsawa da yada zango a ƙasar nan. An kira su marasa kunya. A watan Janairu na 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar. A 1988 ma, ɗalibanmu da ke karatu a Italiya ne suka rubuto wa jaridun gida cewa ana jibge guba a tashar Koko, abin da hukumomin tashar suka bari ya wuce ta gabansu. In ganga dubbai ta iya shigowa ba a tambaya ba, me zai sa mu ɗauka za a tambayi baƙo mai igwa?

Abin da muke nema ba shi da yawa, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gwamnati mai cikakken iko. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta girke makaman nukiliya a Afirka, amma ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta hukunci a kan jiragen da ke kawo ziyara. To, Nijeriya ta yanke, ta rubuta, ta buga, domin kada a bar wa jami'in da ke bakin aiki ranar ya yi ta kame-kame. Jirgi mai tukunyar nukiliya kuma kada ya shigo sai da lasisin hukumar da ke kula da harkar nukiliya, kamar yadda Afirka ta Kudu ta sa aka nema a 2008, tare da bayanin wanda zai biya diyya in wani abu ya zubo a ruwan da masunta ke kamun kifi. Sannan babbar magana, wadda Mombasa ta koya mana: in baƙo ya taɓa ɗan ƙasa a bayan gari, wace kotu ce za ta yi shari'a, a hannun wa za a tsare shi, kuma jirgi zai iya tashi da shi ko ba zai iya ba? Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Mutanen Gana, da aka kai yarjejeniyar tsaronsu da Amurka gaban majalisa a 2018, sun karanta ta sakin layi bayan sakin layi, suka fito titunan Akara suka faɗi ra'ayinsu. An zartar da ita duk da haka, amma aƙalla sun san abin da aka sa hannu a kai da sunansu.

Saboda haka muna kira ga majalisar wakilan ƙungiyar ɗalibai da ta rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje da Ma'aikatar Tsaro, bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ta nemi kwafin kowace yarjejeniya da ta shafi shigowar jiragen yaƙin waje tashoshinmu da matsayin sojan da ke sauka daga cikinsu. Ɗaliban sashen shari'a su taimaka da tsara takardar. Dokar ta ba ma'aikata kwana 7 ta ba da abin da aka nema ko ta faɗi dalilin hanawa a rubuce, kuma ko wanne aka aiko, za mu buga shi a wannan shafi yadda ya zo.